Kundin aikin zangon kan dutse: filin tanti huɗu da ɗakin katako ɗaya

4 ga Afrilu

Abin da aka sa a gaba shi ne gyara wurin kafa tanti huɗu, kowanne mita 3 tsawo da faɗi, da ɗakin katako mai mita 4 da mita 5 wanda zai kwanar da mutum shida, sai salga da ruwan famfo. Ba za a ajiye ma'aikaci a wurin ba. Tsarin irin na bukkokin da ƙungiyar masu yawon duwatsu ta Norwe ke kula da su ne, wadda aka kafa a 1868: baƙo ya zo ya buɗe, ya kwana, ya share, ya rufe. Saboda haka duk abin da za a girka dole ya zama wanda baƙon da ya iso da duhu, a gajiye, zai iya amfani da shi ba tare da wani ya nuna masa ba.

Mota tana tsayawa a tsayin mita 1,500. Daga nan sai ƙafa, kilomita 4, har mita 2,100. A matsakaici zafin iska yana raguwa da digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau, wato sama za ta fi inda ake barin mota sanyi da kusan digiri 4.

Wuri biyu aka gani. Na farko wani kwari ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa shar, ga rafi a gefe, ba sai an taɓa diga ba. Na biyu wata kafaɗa ce a jikin gangaren, mita 35 sama da kwarin, duwatsu ko'ina. Kowa ya fi son kwarin. An fara sharar sa yau, amma an rataye ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙarancin awo a kowane wuri, mita ɗaya daga ƙasa, an kuma haƙa ramin gwaji mai zurfin santimita 60 a kowanne.

7 ga Afrilu

An fasa kwarin. Dare uku a jere ma'auninsa yana nuna digiri 2 zuwa 3 da asuba, na kafaɗar kuwa 7 zuwa 8. Wanda bai saba ba zai ɗauka wurin da ya fi tsayi shi zai fi sanyi, kuma da rana haka ne. Da dare, idan sama ta washe babu iska, ƙasa tana huce zafinta, iskar da ke kwance a kanta ta yi sanyi ta yi nauyi, sai ta gangaro kamar ruwa ta taru a duk inda ya zurma. Kwarin nan tasa ce, sanyin dutsen gaba ɗaya a cikinta yake kwana. Tantin gwaji da aka kafa a can ya wayi gari sharkaf da raɓa ciki da waje, kuma rana ba ta leƙa shi sai wajen ƙarfe tara da rabi, don haka ba ya bushewa kafin lokacin naɗewa.

Ramin gwajin ma ya faɗi nasa. Na kwarin ya tara ruwa kamar kamu ɗaya alhali ba a yi ruwan sama ba. Na kafaɗar kuwa a bushe yake. Ashe koren ciyawar da ya ruɗe mu alamar rima ce. Sai kuma tarkacen kirare da ganye da aka gani sun maƙale a jikin wani kututture, kusan ƙugun mutum daga ƙasa, taku goma daga rafin. Iyakar da ambaliya ta taɓa kaiwa ke nan. Ko ba don haka ba, ƙa'idar da masu kwana a daji ke bi ita ce a bar tazarar mita 60 tsakanin zango da ruwa, kuma kwarin bai ma kai faɗin haka ba.

Asara: aikin mutum uku na kwana biyu. Da an jira ma'aunin kafin a ɗauki adda, da ba a yi ta ba.

9 zuwa 13 ga Afrilu

Dakon kaya. Ana raba buhun siminti mai kilo 50 gida biyu a ƙasa, a ƙulle kowane rabi cikin leda biyu. Katakon da ya wuce mita 3 ba ya shan kwanar hanya, sai aka sake zanen ɗakin yadda kowane dogon katako zai haɗu da ɗan'uwansa a kan ginshiƙi. Mutum ɗaya sawu biyu yake yi a yini, ba ya iya na uku.

16 ga Afrilu

Gyaran hanya a mita 300 na ƙarshe. Inda ta miƙe tsaye an karya ta zuwa lanƙwasa uku, don kada hawa ya wuce mita 1 a duk mita 10. An binne jerin duwatsu a karkace a tsakiyarta wuri bakwai, su karkatar da ruwa gefe. Hanyar da ba a yi wa haka ba, ruwan sama biyu sun isa su mai da ita kwazazzabo.

19 zuwa 22 ga Afrilu

Filayen tanti. Ana yanko ƙasa daga sama a zuba a ƙasa, a tare ta da ginin dutse marar siminti mai ɗan jingina cikin gangaren. Cikon kuma a daddaɓe shi hawa-hawa, santimita 10 a kowane zubi. Wanda aka zuba gaba ɗaya zai zauna daga baya, ya bar kwarmi daidai inda bayan mai barci yake.

Filin farko an daidaita shi sumul, babu ko ɗan karkata. Aka zuba masa bokiti biyar na ruwa don gwaji, ruwan ya tsaya cak a tsakiya. An sake shi da gangara ta santimita 2 a kowace mita, wato santimita 6 daga kai zuwa ƙafa. Mai barci ba ya jin wannan muddin kansa na ɓangaren sama, amma ruwa yana ji. A bayan kowane fili an ja lambatu mai zurfin santimita 20, an cika shi da tsakuwa, ya kewaya da ruwan gangare ta gefe.

Turakun da ake sayar da tanti da su ba su da amfani a nan, yatsa huɗu suke shiga su ci karo da dutse su lanƙwashe. An yanka rodi mai kauri milimita 12, tsawon santimita 40, an tanƙwara kansa ya zama zobe, an kafa takwas a kewayen kowane fili su zauna dindindin. An shafa musu farin fenti saboda masu fita da dare.

25 ga Afrilu

Ginshiƙan ɗaki. Tara ne, uku-uku a jere uku. Kowane rami santimita 40 faɗi, 60 zurfi, ginshiƙin kuma ya taso santimita 40 sama da ƙasa a ɓangaren tudu, don iska ta riƙa bi ta ƙarƙashin daɓen katako. An fitar da kusurwa da awon 3, 4, 5, wato 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, 5 a tsakanin ƙarshensu, aka tabbatar da ita da igiya daga kusurwa zuwa kishiyarta: duka biyun mita 6.40. Daidaiton kawunan ginshiƙai da farin tiyo mai ruwa aka duba shi. A kan gangare ido maƙaryaci ne. Inda kowa ya rantse daidai yake, tiyo ya nuna bambancin santimita 11.

Kwaɓin kankare: siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Buhu bakwai aka ware, ginshiƙan gefen gangare da suka fi tsawo suka ƙara ɗaya. A cikin kowane ginshiƙi an dasa ƙarfe mai faɗi da ya leƙo santimita 25, wanda za a ɗaure katakon daɓe da shi.

Yashin rafi ne, shi ya sa aka gwada shi tukun: rabin kwalba yashi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ya kwana. Laka ta kwanta a sama kusan kashi ɗaya cikin goma. Ta yi yawa, sai da aka wanke shi a baro.

27 ga Afrilu

Ginshiƙai biyu sun fashe a gefe da aka cire katakon zubi. Laifin gaggawa ne. An zuba su da la'asar, daren ya sauka digiri 4, aka kuma buɗe su washegari kamar yadda ake yi a wuri mai zafi. Ƙasa da digiri 5 siminti kusan tsayawa yake yi da kamawa, idan kuwa ruwan cikinsa ya daskare kafin ya yi ƙarfi, to ya lalace ke nan har abada. An farfasa biyun an sake su da hantsi, an lulluɓe da buhuna da tamfol, ba za a taɓa su ba sai bayan kwana huɗu. Ƙarin buhu ɗaya da rabi, da sawu uku na dako.

2 zuwa 8 ga Mayu

Daɓe, bango, jinka, kwano. Babu matsala. An ƙi shawarar shafa wa katako baƙin mai, saboda ruwan sama zai wanke shi ya gangara da shi rafi.

10 ga Mayu

Hadari ya taso da misalin ƙarfe uku na rana, iskar ba ta wuce minti ashirin ba. Ta ɗage kwano uku na ɓangaren da take bugowa, ɗaya an tsince shi mita 50 a ƙasa, a nannaɗe. Ta kuma karya sandar tantin gwaji.

Da aka hau aka duba, ƙusoshin ba su tsinke ba, zarewa suka yi daga katako sumul, wasu kuma kwanon ne ya yage ya bar kawunansu. An yi rufin ne da tunanin nauyin da zai danne shi daga sama, alhali a kan dutse iska ɗaga rufi take yi. Tana hawo gangaren, ta shiga ƙarƙashin leɓen kwano ta tura sama, wadda ta bi ta kansa kuma ta tsotse shi. Ƙarfinta ba a hankali yake ƙaruwa ba: idan gudunta ya ninka biyu, bugunta ninki huɗu yake yi. Mu kuma mun bar leɓe har santimita 60 don kare bango daga feshi, muka ba ta abin kamawa.

Gyaran da aka yi ya ci kwana uku. An rage leɓen zuwa santimita 30. An cire ƙusoshi duka an sa sukuru mai robar toshe ruwa, a kan kowane tudu na kwanon a layin gefe da na tsororuwa, a tsakiya kuma ana tsallake ɗaya. Kowane katakon jinka an ɗaure shi da na bango da siririn ƙarfe, na bango kuma da na daɓe, har zuwa ƙarfen da ke cikin ginshiƙi. Yanzu iskar da za ta ɗauki rufin sai ta tumɓuke kankare tara. Kwano huɗu aka saya, guda ya zauna a ajiye.

Tantin kuwa an kafa shi ne da faffaɗan gefensa yana fuskantar iska, ba a kuma ɗaure igiyoyin gefe ba saboda da safe garin lumui yake. Za a rubuta a allon kowane fili: siririn ɓangaren tanti ya kalli inda kibiya ta nuna, igiyoyi duka a ja su, komai kyan gari.

Batun aradu shi ma zai hau allon. Tanti ba ya kare kowa daga ita. Sauti yana cin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, don haka wanda ya ƙirga 30 ko ƙasa da haka tsakanin walƙiya da tsawa, hadarin na cikin kilomita 10, ya bar tsororuwar dutse da gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Kada a koma sai minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Ɗakin kansa ba shi da sandar kamun aradu tukuna, ta shiga jerin zagaye na gaba.

15 ga Mayu

Ruwa. Akwai idon ruwa mita 140 daga zangon, sama da tanki da mita 18. Bokiti mai lita 10 yana cika a minti huɗu, lita 3,600 ke nan a yini da dare. Mutum 14 a kan lita 15 kowanne ba su wuce 210 ba. An gina ƙaramin akwatin dutse mai murfi a bakin idon, aka ja baƙin bututu mai milimita 25 zuwa tanki mai lita 1,000.

An buɗe, ruwa ya zo minti biyu yana tari, ya ɗauke. An kwance mahaɗai uku ana neman toshiya, babu komai. Can aka lura bututun ya hau kan wani dutse ya sauka, tudun bai fi rabin mita ba. Iska ce ta taru a ƙololuwar ta tare hanya. An kewaye dutsen yadda bututun zai yi ta gangara ba hawa ko ɗaya, ruwa ya zo. Za a binne shi santimita 30 saboda rana da kofaton dabbobi da daren da zai yi ƙanƙara.

Ruwan garau yake, amma ba a sha sai an tafasa. A wannan tsayin yana tafasa ne a wajen digiri 93, ba 100 ba. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar minti ɗaya yana ɓararraka, minti uku idan an haura mita 2,000, mu kuma mun haura. Wannan dai shi ya sa girki yake daɗewa a nan; ƙara wuta ba ya ƙara wa ruwan zafi, makamashi kawai yake ci. Murfi mai kama bakin tukunya ya fi taimako.

18 ga Mayu

Salga. Mita 45 daga ɗaki, a ƙasan duk wani ruwan sha. Ramin farko ya ci karo da falalen dutse a santimita 70, na biyu ya kai mita 1.6, aka ɗaga bakinsa da ginin dutse na rabin mita. Bututun fitar da wari milimita 110, baƙi don rana ta ɗumama shi ya ja iska sama, ya zarce rufi da santimita 50, da raga a bakinsa saboda ƙudaje. Cikin ɗakin a bar shi da duhu-duhu: ƙudan da ke rami hasken bututu yake bi, ya tarar da raga.

21 ga Mayu

An girka murhun ƙarfe. Hurawar farko hayaƙi ya kori kowa waje. Dalili uku ne suka haɗu.

Bututun hayaƙin gajere ne, bakinsa na ƙasa da tsororuwar rufi, iskar da ta tsallako tsororuwar sai ta danno cikinsa. Ƙa'idar da masu girka murhu ke bi: ya zarce inda ya huda rufi da santimita 90, ya kuma fi duk abin da ke cikin mita 3 da shi tsayi da santimita 60. An ƙara mita ɗaya, an ɗaure shi da waya ta gefe uku. Na biyu, an toshe ɗakin ruf saboda sanyi, wuta ba ta da inda za ta ja iska. An huda daɓe kusa da murhun, santimita 10, an sa raga. Na uku, itacen ɗanye ne. Wanda ya isa hurawa danshinsa ba ya wuce kashi 20 cikin 100. Ba tare da na'ura ba ana gane shi da tsagewar bakinsa, da rashin nauyi, da ƙarar ƙwas idan aka gwara biyu. Ɗanye sai dai ya yi ta kumfa a baki yana tara kunkunniya a bututu, ita ce kuma ke kamawa da wuta daga baya.

Murhun yana santimita 40 daga bangon katako. Ba tare da kariya ba santimita 90 ake so. An kafa falle ɗaya na kwano a tsakani, da tazarar santimita 2.5 daga bango, buɗe sama da ƙasa. Bayan awa biyu da hura wuta ana iya ɗora tafin hannu a katakon a bar shi.

An rataye na'urar gano iskar kabon monoksaid kusa da gadaje. Iska ce mai guba da wuta ke fitarwa, ba ta da wari ba ta da launi, kuma mai barci ba ya farkawa ya ji ta. Gawayi ba zai shiga ɗakin nan ba, balle tanti.

24 ga Mayu

Ruwa yana ɗiga a kan gadon sama da asuba alhali ba a yi ruwan sama ba. Rufin ba ya yoyo, tururin numfashi da na buta ne ke taɓa kwano mai sanyi ya koma ruwa. An yi silin: katako siriri, leda a bayansa ta ɓangaren ɗaki, abin tare sanyi mai kauri santimita 5, sannan sarari na santimita 5 ƙarƙashin kwanon, buɗe daga leɓe zuwa tsororuwa. Idan aka sa ledar ta ɓangaren kwano, danshin a cikin silin zai tsaya ya ruɓar da shi.

28 da 29 ga Mayu

Kwanan gwaji, mutum goma, huɗu a tanti shida a ɗaki. Mafi ƙarancin awo a waje digiri 4, a ɗaki 13 da asuba bayan wuta ta mutu.

Biyu daga masu tanti ba su runtsa ba duk da jakar barcinsu mai kauri ce. Sanyin daga ƙasa ya shige su, don ɓangaren jakar da jiki ya danne ba ya riƙe ɗumi. Shimfiɗar roba mai kumfa biyu a haɗe ta magance shi a dare na biyu. Za a ajiye takwas a ɗaki. Tantin da aka zuge ruf ya jiƙe daga ciki, wanda aka bar wa kafar iska sama da ƙasa ya tashi a bushe.

Ƙaramin murhun gas ya yi ta lumshewa da safe, gwangwanin kuwa da sauran fiye da rabi. Gas ɗin butan ne zalla, wanda ke daina zama iska a wajen digiri sifili, kuma gwangwanin yana ƙara sanyaya kansa yayin da ake amfani da shi. Mai haɗin isobutan da furofan za a riƙa saye, furofan har digiri 42 ƙasa da sifili yana tashi. Dabarar wucin gadi: gwangwanin ya kwana cikin jakar barci. Kada a kusanta shi da wuta don a ɗumama shi.

Mutum ɗaya a ɗaki ya tashi da ciwon kai, nan take aka ce tsayin dutse ne. Ciwon tsayi yawanci daga mita 2,500 yake farawa. A ɗakin da aka kwana da wuta, hayaƙi ake fara zargi. An fitar da shi iska, an duba na'urar, ba ta nuna komai ba; ya sha ruwa ya ware kafin hantsi.

Ɓeraye sun huda buhun abinci da aka bari a ƙasa. Durom na ƙarfe mai murfi.

2 ga Yuni

Lissafi. An zarce kasafi da kashi 18 cikin 100. Dako shi kaɗai ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na duk abin da aka kashe, ya fi katako da kwano a haɗe. Yawancin ƙarin daga wuri uku ya fito: sharar kwarin da aka bari, ginshiƙai biyu, da rufi. Silin kuwa tun farko ba a sa shi a lissafi ba.

Zagaye na gaba: sandar kamun aradu, da wanda ya san aikin zai kafa. Rumfar itace mai buɗaɗɗen gefe, don wanda aka faskara yanzu ya bushe kafin sanyi mai zuwa. Indararo a leɓen rufi. Faɗinsa kusan murabba'in mita 25 ne, ruwan milimita 10 zai ba da kusan lita 250, amma a karkatar da zubin farko da ke wanko ƙura da kashin tsuntsaye. Sola mai wat 100 don fitilu uku, batirin a cikin ɗaki, tunda na litiyam ba a caja shi ƙasa da digiri sifili. Saura mita 60 na bututun ruwa ba a binne ba.

Kafin duk wannan, a sake auna idon ruwan da bokitin nan mai lita 10 sau ɗaya a mako, a rubuta. Awon 15 ga Mayu kwana biyar bayan hadari aka yi shi.